Rabin Maganar Bagirke

Mahaifina ne ya rufe sashenmu da bakinsa. Ina so a fara sanin wannan, don na gaji da jin mutane suna cewa shugaban jami'a ne, ko daraktan tsare-tsare ne, ko zamani ne. Ina wurin, a kujerar baya.

A jami'a ba mai kiransa da sunansa. Bagirke ake ce masa, daga masu gadi har manyan farfesoshi. Yana saurayi aka tura shi waje ya karanto aikin lauya, kakana har ya fara yi wa mutane barazana da shi. Can wata rana ya faɗa ajin wani tsoho mai koyar da falsafar Girkawan dā, wai don ya fake wa ruwan sama, shi ke nan aikin lauya ya bi ruwan. Ya koyi tsohon harshensu, ya dawo da akwatunan littattafai da tabarau mai kauri. Kakana ya rasu bai gane abin da ɗansa ya karanto ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Gardama."

Shi ya kafa sashen, a ƙarshen wata doguwar baranda a bene na sama: ofis ɗaya, aji ɗaya, da allon katako a saman ƙofa wanda ya sa kafinta ya sassaƙa, Sashen Falsafar Dā. Kusan shekara arba'in yana hawa benen nan. Ni ma a ajin na yi karatu, da na gama digirina na uku na dawo ina koyarwa tare da shi, teburina na kallon teburinsa. Masu cewa gado na ci su zo su ga gadon: ɗalibai da ba su cika rabin aji ba, da fanka da ke juyawa in ta ga dama.

Doka ɗaya gare shi, wadda ya ce daga mutanen dā ya ɗauko ta. Ba ka da ikon kayar da maganar wani sai ka fara tsayar da ita da ƙafafunta. Sai ka faɗe ta fiye da yadda mai ita ya faɗa, ka toshe mata duk wata ɓaraka, har mai ita ya ce, "Yauwa, abin da nake nufi ke nan." Sannan ka kawo taka. "Tsayar da ita tukuna," haka yake cewa, yatsa a sama. "Ba a kokawa da wanda ke kwance."

A aji abin gwanin ban sha'awa. A gida kuwa azaba. In na yi faɗa da Yaya, sai na faɗi hujjar Yaya kafin a saurari tawa. Akwai lokacin da na nemi izinin tafiya yawon buɗe ido da 'yan ajinmu, Baba ya sa na jero dalilan da suka sa bai kamata a bar ni ba. Na jero su da kyau har Mama ta gamsu, ta hana ni.

Sai maganar kwata. Maƙwabcinmu bakanike ya haƙa kwata ta bi ta bakin ƙofarmu, ruwan wankin inji da baƙin mai. Mama ta kai ƙara wurin kwamitin unguwa. Bakaniken ba gwanin magana ba ne, ya yi ta kame-kame yana murza hula, sai Baba ya ji tausayinsa ya karɓi maganar. Ya bayyana gangaren ƙasar, ya nuna ruwa ba shi da wata hanya, ya kawo maganar iyalin da garejin ke ciyarwa. Kafin ya juyo kan tamu, dattawan suka ce, "To ai mai gidan ma ya yarda," suka karkaɗe riguna suka tashi. Kwatar na nan, tsallaka ta muke yi. Tun daga ranar Mama ke cewa ta auri mutumin da in ɓarawo ya shigo, shi zai riƙe masa fitila.

To ka ji wanda za mu tura ya kare mu.

An yi sabon shugaban jami'a, ya zo da nasa daraktan tsare-tsare, wani injiniya da ba ya rabo da tef ɗin awo a aljihu. Mai Awo muke ce masa. Ya hau benenmu sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa taga, ya sauka ya rubuta cewa a rufe sashen a mai da wurin cibiyar koyon kwamfuta. Magana ta je majalisar malamai. Ƙa'ida ta ce kafin ƙuri'a sai an ba shugaban sashe dama ya yi magana.

Ban zauna ba. Na bi ofis ofis har takalmina ya cinye. Likitoci, masu lissafi, masu koyar da shari'a, da yawansu sun taɓa zama a gaban Baba suna matasa, kuma suka ba ni alkawari. Mun fi Mai Awo mutane. Abin da ya rage kawai Baba ya miƙe ya ce kada a rufe, ya koma ya zauna. Ko tari ya yi ya zauna, da mun ci.

Da safe yana shan shayi na tsaya a kansa.

"Baba, don girman Allah, yau ɗaya tak. Ka faɗi namu kawai."

"Namu wanne?"

"Mama, kin ji shi ko? Tun ba a je ko'ina ba."

Mama na goge tebur, ba ta ko ɗago ba. "Malam, kwata ɗaya ta ishe mu."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, ya san abin da zai faɗa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Zauren majalisar dogon tebur ne da kujeru masu laushi, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin bokiti. Shugaba na can kan tebur da agogo a gabansa da 'yar ƙararrawa. Ni ba 'yar majalisa ba ce, an dai bar ni in zauna a baya, ba bakin magana.

Mai Awo ya fara. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi wa kansa illa irin haka ba. Ya ce mutanen nan sun mutu tuntuni. Ya ce falsafa ba ta gina gada. Ya haska hotuna a bango, waya ta zare, ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana laluba. Da ya taso sai ya kira Girkawa Rumawa, aka fashe da dariya, ya ruɗe ya manta inda ya tsaya. Na jingina da kujera na ce alhamdu lillahi, tsuntsu ya kira ruwa da kansa.

Sai Baba ya miƙe, ya cire tabarau ya goge.

"Ranka ya daɗe, Injiniya ya zalunci maganarsa. Ta fi haka ƙarfi."

Na taso daga jinginar da na yi.

"Ba don sun mutu za a rufe mu ba," in ji shi. "Wanda ya gano lissafin gada ma ya mutu. Ga abin da ya kamata a ce. Yaran da ke zuwa ajina ba 'ya'yan masu hali ba ne. Akwai uwar da ta yi shekaru tana wanki da guga don ɗanta ya hau benen nan. Tana jiran ya sauko da abin da zai ɗauke mata nauyi. Ni kuwa me nake yi? Ya zo mini da abin da ya tabbata a kai, in karɓe, in mayar mata da shi ɗauke da tambayoyi."

Dariya ta ɗauke. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a bokiti.

"Na biyu. Mutanen da nake karantawa sun samu sukunin zama a inuwa suna tunani ne don akwai bayi masu ɗebo musu ruwa. Ba su cika son a tuna haka ba, ni ma ba na so. To mu wa ke ɗebo mana ruwa? Mun taɓa tambayarsa ko ya yarda? Na uku. A garuruwanmu akwai tsofaffi masu hikima da ke mutuwa da abin da ke kansu, ba wanda ya zauna ya saurare su, ni kuwa na ƙarar da idona a kan baƙi. Na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Likita zai nuna muku wanda ya warkar. Injiniya zai nuna muku gada. Ni in kun ce in nuna mutum ɗaya da zan rantse ajina ne ya mai da shi mutumin kirki, ba zan iya rantsewa ba."

Na ga wani tsohon likita da ya ba ni alkawari da hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai. Baba ya juya wurin Mai Awo, wanda ya saki baki.

"Injiniya, abin da kake nufi ke nan?"

"Shi ne, Farfesa. Wallahi shi ne."

"Madalla. Ta tsaya. To yanzu..."

Shugaba ya buga ƙararrawa.

"Farfesa, lokacinka ya ƙare, har na ƙara maka."

"Ranka ya daɗe, rabi na faɗa."

"Rabin ya ishe mu. Ban taɓa jin mutum ya faɗi gaskiya a kan kansa haka ba. Allah ya saka da alheri. Masu goyon bayan a rufe?"

Na miƙe na ce bai gama ba, ku bar shi ya gama! Magatakarda ya ce in zauna ko in fita. Ina tsaye na ga hannuwa suna tashi, hannuwan da na bi ofis ofis na roƙa. Da aka fito na tare likitan a matakala, ya buɗe hannu ya ce, "'Yata, ni fa malamina na bi."

A ofis na iske Baba yana mayar da wani littafi kan kanta kamar ba abin da ya faru. Na turo ƙofa da ƙarfi har fanka ta girgiza.

"An zo yanka mu da wuƙa marar kaifi, ka karɓa ka wasa musu."

"Ban gama ba."

"Su sun gama!"

"Ba ni na buga ƙararrawa ba."

"Ba ka ga agogon ba? Ba ka ga kwata ba? Shekara nawa kana tsallaka ta ba ta koya maka komai ba?"

Ya zauna a hankali. "Da na tsallake nasu na faɗi namu kawai, me zan ceto? Allo da benci? Abin da nake koyarwa ke nan. In na ajiye shi a ƙofar zaure don in ci ƙuri'a, ni na rufe sashen kafin su."

"Da ni za ka ceto! Da yaran nan!"

"Abin da na faɗa, akwai ƙarya a ciki?"

"Babu. Shi ya sa nake ji kamar in fasa wani abu. Kai ritaya za ka yi, ka koma gida a ce ga mai gaskiya. Gaskiya ba ta yi maka tsada ba, mu za mu ɗauki nauyinta. Ka tsaya gaban mutane kana tambaya wa ke ɗebo mana ruwa. Ba sai ka je garuruwa ba, Baba, ka tambayi Mama. Duk ranar da ka fito da hannu tsaf daga gardama, akwai wanda ya shiga taɓo a madadinka, kuma ba ka taɓa tambayarsa ko ya yarda ba."

Na jira ya ɗaga yatsa. Bai ɗaga ba. Ya dubi teburina, ya dubi nasa, ni kuma na ɗauki jakata na fita.

Hukunci ya fito. A ƙarshen zango za a raba ɗalibanmu zuwa wasu sassa, ko suna so ko ba sa so. Ni kuma an tura ni in koya wa 'yan shekarar farko rubutun rahoto, a wani katafaren zaure, da lasifika mai shaƙewa. Shekarun da na yi ina haƙilo da tsohon harshen Girkawa sun ƙare a koyar da inda ake sa kwanan wata.

Ranar darasin ƙarshe, leburori sun riga sun fara fitar da kantoci daga ofis. Na zauna a bencin baya, na harɗe hannu. Wata ɗalibarmu da muke kira 'Yar Gardama, wadda aka tura sashen kasuwanci tana kuka, ta ɗaga hannu.

"Malam, duk jami'a ta ji rabin farko. Har masu shara suna maimaita shi. Mu da aka yanka, ba za mu ji rabi na biyu ba?"

Kafin ya amsa sai ga Mai Awo a bakin ƙofa, tef a hannu, ya zo auna tagogi. Ya ce a gafarce shi, zai dawo. Baba ya ce ya yi aikinsa. Ya ja tef ɗin ya kai rabin taga, ya tsaya a nan, bai ƙara motsi ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce uwar nan mai wanki ba abinci kawai take buƙata ba, tana buƙatar ranar da za a kai ta gaban alƙali, ko likita, ko ɗan sanda, ta iske wanda ya taɓa koyon jin maganar da ba tasa ba. Ya ce gaskiya ne masu zama a inuwa bayi suka ɗebo musu ruwa, amma tambayar da ta zo daga baya ta ce don me wani zai zama bawa, da irin wannan zaman aka kaifafa ta. Ya ce tsofaffinmu masu hikima, wa zai je ya saurare su in ba wanda aka koya wa saurare ba? Ya ce ba zai iya rantsewa ya gyara kowa ba, amma wannan ɗakin ne kaɗai a jami'a inda yaro ke cewa "na yi kuskure" a gaban mutane, ya fita kansa a sama. "In aka rasa irin ɗakin nan a gari," in ji shi, "gardama ba ta ƙarewa. Komawa take hannun masu ƙarfin murya, daga nan ta koma hannun masu sanda."

Ta yi kyau. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Da ta fito lami, da na huta. Amma magana ce da za ta sauke kowane hannu a zauren nan, ga ta ana zubar da ita a gaban benci da leburori.

Mai Awo ya saki tef, tef ɗin ya naɗe cikin kwansonsa da ƙara. "Farfesa, me ya hana ka fara da wannan?"

"Tambaye shi!" na ce daga baya. "Tambaye shi da kyau!"

'Yar Gardama ta ce, "To Injiniya, tunda ka ji, a janye mana."

Ya sosa ƙeya. Ya ce majalisa ta riga ta zartar, an ba da aikin, kwamfutoci na hanya. Sai kuma ya ce, amma fa Farfesa, ai a gida ma ana iya koyon saurare, ba sai an yi sashe ba.

Na ga idon Baba ya kawo haske. Ya jawo kujera.

"Zauna, Injiniya. Ka sake zaluntar maganarka. Bari in tsayar maka da ita."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓi sukudireba a hannun wani lebura, na taka benci, na kwance allon daga saman ƙofa. Ba wanda ya hana ni. Na sauko benen da shi a hammata, ina jin muryar Baba a bayana yana gina wa mutumin da ya rushe mu sabuwar hujja.

Mama ta karɓi allon, ta juya shi, ta karanta. Ta fita ƙofar gida ta shimfiɗa shi a kan kwata, rubutun na kallon sama. Ya zauna daram kamar don ita aka sassaƙa shi.

"Aƙalla ya ɗauki wani," ta ce, ta koma ciki.

Kowa ya samu gada. Mama na takawa, baƙi na takawa, har bakanike ya taka ya ce an kyauta. Ni kuwa da gangan nake dira ƙafa a tsakiyar rubutun duk safiya in zan tafi wurin lasifikata. Baba ne kaɗai ba ya takawa. Sai ya matsa gefe, ya tattare wando, ya tsallaka da tsofaffin gwiwoyinsa kamar yadda ya saba. Bai ce a ɗauke ba, ni ma ban ɗauke ba. Muka yi makonni ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Wata safiya an kwana ana ruwa, kwata ta cika ta batse. Ina bakin ƙofa ya zo ya tsallaka, ƙafa ta gaza, ta nutse cikin baƙin ruwan har idon sawu. Ya dafa bango ya zaro ta. Ya tsaya yana kallon takalmin, mai na ɗiga.

"Ga allo a gabanka," na ce. "Taurin kai."

"Maganarki ta ranar nan," ya ce, bai dube ni ba. "Ta ɗibar ruwa. Na yi ta juya ta. Na toshe mata inda kika bari a buɗe, don kin faɗe ta cikin fushi. Ta tsaya."

"Madalla. Sai rabi na biyu. Ina ji."

"Babu rabi na biyu."

Tun ina 'yar ƙarama nake jiran ranar da zan kayar da mutumin nan. Ga ta ta zo, sashe ya riga ya zama ɗakin kwamfuta, shi kuma yana tsaye a titi da ƙafa ɗaya baƙa ƙirin. Ban ji sanyi ko kaɗan ba. Na taka allon na shiga gida, na ɗebo ruwa a buta na kawo masa, ina zubawa yana wankewa.